Shimfiɗar Kejin Ɓeran Masar: A Duba Ƙafarsa Da Huhunsa Kafin A Zaɓa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da mutane da dama za su ɗauka ƙarami ne, wato abin da ake shimfiɗa wa ɓeran Masar a cikin kejinsa, musamman wanda ake ajiyewa a cikin ɗaki don sha'awa. Masu ajiye wannan dabba sukan kula da abincinta da kyan kejinta, amma idan aka zo batun shimfiɗa sai a ɗauki duk abin da ya zo hannu, ko kuma a zaɓi wanda ya fi daɗin ƙamshi, alhali kuwa a kan wannan shimfiɗar ce ɓeran yake tsayawa, yake kwanciya, yake fitsari, kuma iskar da ke tashi daga jikinta yake shaƙa dare da rana tsawon shekara 5 zuwa 7 da yakan yi a duniya. Ra'ayina shi ne hancin mai gida ba shi ne ya kamata ya yi zaɓin ba. Tafin ƙafar dabbar da huhunta su ne abin dubawa, sannan a haɗa da gaskiyar aikin da mai ita zai iya yi kullum ba tare da gajiyawa ba.

Dalilin da ya sa na faɗi haka yana cikin halittar dabbar. Asalin ɓeran Masar yankin tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, inda ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado suke a yau, kuma daga can ne fatake suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Danginsa na daji cikin ciyawa suke yawo, a kan ƙasa mai taushi, kuma idan suka ɓata wuri gaba suke yi su bar shi. Wanda ke cikin keji ba shi da wannan damar. Babban ɓeran Masar yakan kai nauyin giram 700 zuwa kilo 1 da ɗoriya, duk a kan gajerun ƙafafu masu yatsu huɗu a gaba da uku a baya, kuma tafin ƙafarsa fata ce zalla, ba shi da gashin da ke kare tafin ƙafar zomo. Cikinsa kusan a ƙasa yake, hancinsa ma haka. Ga shi kuma dabba ce mai ci kusan a kowane lokaci, saboda haka kashi da fitsari ba sa yankewa, kuma ba ya ware kusurwa guda ya tsaya a kanta kamar yadda kyanwa take yi, ko da yake yakan fi ɓata wurin da yake cin abinci da wurin da yake ɓuya.

Idan shimfiɗa ta yi tauri, ko ta yi kaushi, ko ta zauna a jiƙe, tafin ƙafa ne yake fara nunawa. Ya kamata mai ɓera ya saba da ɗaga shi a hankali, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin gindi, ya duba ƙasan ƙafafun. Lafiyayyen tafi sumul yake, babu kumburi, babu ɓawo. Idan matsala ta soma, sai a ga wurin ya yi ja yana sheƙi, daga baya ya kumbura, fatar ta tsage, ƙwayoyin cuta su shiga, ya zama gyambo mai wuyar warkewa wanda idan aka yi sakaci yakan kai har ƙashi. Ɓeran da ya yi ƙiba da wanda ya tsufa da wanda ba ya samun isasshen bitamin C sun fi saurin kamuwa, domin jikin wannan dabba ba ya ƙera bitamin C da kansa, daga abinci yake samu. Babban abin da ke jawo wannan ciwo shi ne keji mai daɓen ragar waya. Na san abin da ke jan mutane zuwa gare shi, kashi ya faɗa ƙasa, a huta da shara, amma hutun mai gida ne a kan azabar dabba, kuma ban da gyambo, ƙafa takan maƙale a ramin ragar ta karye. Daɓen keji ya zama rufaffe, na roba ko wani abin da ba ya shan ruwa, sannan a yi shimfiɗa a kai.

Na biyu shi ne huhu. Fitsari idan ya kwana a cikin shimfiɗa, ƙwayoyin cuta sukan sarrafa shi ya riƙa fitar da iskar amoniya, ita ce zarnin nan mai yaji da ke sa ido hawaye. Mutumin da yake tsaye a tsakar ɗaki zai iya cewa bai ji komai ba, domin tsakanin hancinsa da shimfiɗar akwai fiye da mita guda. Shawarata ita ce ya durƙusa ya kai fuskarsa daidai inda hancin ɓeran yake, ya ja numfashi sau biyu ko uku, domin abin da ya ji a nan shi ne abin da dabbar take shaƙa. Amoniya da ƙura suna raunana hanyar numfashi, su buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta irin su Bordetella da Streptococcus masu haddasa ciwon huhu, kuma ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ɓeran Masar. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne maganinsa ba na kowa da kowa ba ne, domin penisilin da danginsa suna lalata ƙwayoyin da ke taimaka masa narka abinci a hanji har su kashe shi, saboda haka ba dabbar da za a ba ragowar maganin mutane ba ce. Wannan ne kuma ya sa akwatin gilashi irin na kiwon kifi bai dace da shi ba ko da an zuba shimfiɗa mafi tsada, tunda iska ba ta ratsawa.

Yanzu sai mu zo kan dusar katako, wadda ita ce aka fi amfani da ita, kuma a kanta aka fi yin kuskure. Da farko dai akwai bambanci tsakanin garin katako mai laushi da zarto yake zubarwa da kuma fallen dusa mai faɗi da injin gogewa yake fitarwa. Garin nan ƙura ne kawai, yana shiga hanci da ido, kuma ba shi da gurbi a kejin ɓeran Masar. Fallen dusar kuwa, ingancinta ya danganta da itacen da aka samo ta. Itacen sida da ɗanyen itacen fayin, wato itatuwan da ake kira cedar da pine da Turanci, suna da wani mai a jikinsu mai ƙamshi ƙwarai, kuma wannan ƙamshin ne ya sa aka daɗe ana sayar da dusarsu domin ƙananan dabbobi, saboda yana danne wari yana kuma korar ƙwari. To amma abin da ke korar ƙwaro bai zama lallai ya ƙyale huhun ƙaramar dabba ba. Tun a 1967 wani masani a Amurka mai suna Elliot Vesell ya wallafa binciken da ya nuna cewa ɓerayen ɗakin gwaji da aka ajiye a kan dusar irin waɗannan itatuwa, aikin hantarsu yakan canza har ta riƙa sarrafa magunguna da sauri fiye da yadda ta saba. Dusar sida dai a guje ta baki ɗaya. Ta fayin kuwa, idan an busar da ita a tanderu yawancin man yakan fita, kuma masu kiwo da yawa suna amfani da ita, amma idan aka buɗe buhu ƙamshi mai ƙarfi ya bugi hanci, to alama ce man yana nan. Dusar itacen asfen, wanda ake kira aspen da Turanci, ba ta da wannan man, shi ya sa ake fifita ta, ko da yake ba ta kai takarda shan ruwa ba.

Akwai kuma masu kwaso dusa daga wurin aikin kafinta saboda sauƙinta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan ba ta lafiya ma. Wanda ya kwaso ta bai san itace nawa aka gauraya ba, bai san ko an yi wa katakon maganin gara ko fenti ba, kuma idan akwai ɓarɓashin filawud ko allon da aka haɗa da gam a ciki, to akwai sinadaran da bai kamata dabba ta shaƙa ba, balle ta tauna. Ɓeran Masar kuwa duk abin da ya taka sai ya ɗanɗana shi.

Wannan ɗabi'a ta ɗanɗane ita ce ta fitar da wasu abubuwa daga lissafi ba tare da dogon bayani ba. Yashin da ake zuba wa kyanwa, musamman irin na yumɓu mai dunƙulewa idan ya jiƙe, yana da ƙura, kuma idan ɓera ya haɗiye shi zai iya toshe masa hanji. Niƙaƙƙiyar totuwar masara tana saurin yin fumfuna idan ta sha fitsari, ita ma tana toshe ciki. Karan alkama da makamantansa ba sa shan ruwa, kuma tsininsu yana tsokane ido. Auduga da duk wani abu mai zare-zare yakan naɗe yatsa ya hana jini gudu. Duk shimfiɗar da aka sa wa turare kuwa, aikinta ɓoye wa mai gida cewa lokacin canji ya yi.

Shimfiɗar da aka sarrafa daga takarda, wadda ake sayarwa a dunƙule kamar an yayyaga kwali an tausasa shi, ita ce a ganina ta fi dacewa da wanda ya fara kiwo. Tana da taushi a ƙafa, tana shan fitsari sosai, kuma mai kyau daga cikinta ba ta da ƙura. Gwajinta ba wuya: a ɗebi cikin hannu a sake shi daga sama a inda hasken rana ya ratso ta taga, a ga abin da zai tsaya yana yawo a iska. A zuba ta da kauri, kamar santimita 5 ko fiye, domin idan aka yi ƙwauro fitsari zai kwanta a daɓe, ƙafa ta riƙa tsoma ciki. Aibinta shi ne ana saye ana zubarwa ba iyaka, kuma babban keji yana cin ta da yawa. Game da tsohuwar jarida, Edita, kada ka ji haushina idan na ce ko taku ba ta isa shimfiɗa ita kaɗai ba. Jarida takan jiƙe ta zauna a jiƙe, ba ta riƙe wari, amfaninta shi ne a shimfiɗa ta a ƙasa ƙarƙashin ainihin shimfiɗar domin ranar canji a naɗe komai a ɗauke lokaci guda.

Sai kuma yadin nan mai laushi na zaren roba da ake yin bargo da rigunan sanyi da shi, wanda ake kira fulis, wanda masu ajiye ɓeran Masar a ɗaki suka rungume shi ƙwarai a 'yan shekarun nan. Ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ganin hotonsa ya yi kyau su saya ba tare da sun fahimci yadda yake aiki ba. Fulis ba ya shan fitsari. Aikinsa irin na rariya ne, ruwa ya ratsa ya wuce ƙasa, samansa ya zauna a bushe. Saboda haka dole a sa wani abu mai shan ruwa a ƙarƙashinsa, kamar tawul mai kauri ninki biyu ko irin shimfiɗar da ake sa wa majiyyaci a gado wadda ake wankewa, kuma a soke gefunan yadda ɓeran ba zai kutsa ƙasa ya kwanta a kan jiƙaƙƙen ba, ko ya tauna zaren tawul ɗin. Sabon fulis kuwa ruwa ba ya ratsa shi, sai an wanke shi sau da yawa kafin a shimfiɗa. Hanyar ganewa ita ce a ɗora shi a kan tawul a ɗiga ruwa kaɗan: idan ruwan ya tsaya ya dunƙule yana gangarawa, bai yi ba tukuna, idan kuwa ya nutse cikin 'yan daƙiƙoƙi aka taɓa wurin da bayan hannu aka ji ba lema, to ya yi. Kada a sa masa ruwan tausasa tufafi wajen wanki, domin shi ne yake toshe ƙofofin zaren ya mai da aikin baya, kuma a yi amfani da sabulu marar turare.

Alherin fulis a bayyane yake, ba ƙura, ga taushi, kuma sau ɗaya ake saye a daɗe ana mora. Amma ina so mai karatu ya san nauyin da ke tattare da shi. Kashi ba ya nutsewa a cikinsa kamar yadda yake ɓacewa a cikin dusa ko takarda, a fili yake zama, saboda haka sai an share safe da yamma. Duk bayan kwana 3 ko 4 sai an cire an wanke, an kuma bar shi ya bushe sarai, wanda ke nufin sai an mallaki aƙalla saiti biyu, ɗaya a keji ɗaya a igiya. Gashi da ciyawa suna manne masa, sai an kakkaɓe da buroshi kafin wanki. Wanda ya san ruwa yana yi masa wahala, ko aikinsa ba ya barinsa ya zauna a gida, gara ya haƙura da shi, domin fulis ɗin da aka bari mako guda ba wanki ya fi dusar asfen da ake canzawa a kan kari cutarwa nesa ba kusa ba. Wannan shi ne abin da nake nufi da a yi wa kai gaskiya game da aikin da za a iya.

Busasshiyar ciyawa kuwa abinci ce, kuma ita ce mafi yawan abin da ya kamata ɓeran Masar ya ci, domin haƙoransa ba sa daina tsiro, taunar ciyawa ce take goge su, kuma hanjinsa ba ya son tsayawa. Ba ta shan fitsari, saboda haka ba za ta maye gurbin shimfiɗa ba, amma kowace irin shimfiɗa aka zaɓa, a tara masa tulin ciyawa mai laushi a gefe guda. Duk wanda ya taɓa ganin ɓeran Masar ya kutsa cikin sabon tuli, tulin yana motsi shi kuwa ba a ganinsa sai ƙarar tauna, ya san ba don ci kaɗai yake son ta ba, dabba ce da a daji farautarta ake yi, hankalinta ba ya kwanciya sai da maɓoya. Tunda kuma inda yake ci nan ya fi yin fitsari, dabarar da na fi yarda da ita ita ce a raba keji biyu: a sa faffaɗan tire mai gajeren baki a zuba takarda ko dusar asfen a ciki a ɗora ciyawar a kai, sauran filin kuma a shimfiɗa fulis. Ta haka yawancin ƙazantar takan taru a wuri guda mai sauƙin juyewa. Ciyawar da ta jiƙe a kwashe ta kullum, wadda ta yi fumfuna ko warin ruma kuwa kada ta shiga kejin ko kaɗan.

Ba duk ɓerayen ne buƙatarsu ta zo ɗaya ba. Masu dogon gashi, irin wanda ake kira ɗan Peru, dusa takan sarƙe a gashinsu ta dunƙule da fitsari a gindi, kuma jiƙaƙƙen gindi yana jawo ƙuda su yi ƙwai tsutsa ta fito, abin da kan kashe dabba cikin ɗan lokaci, don haka yadi ya fi musu. Namiji yakan ja gindinsa a ƙasa domin barin warinsa, sai ƙananan ɓarɓashi su cushe masa a mazakuta da aljihun da ke kusa da dubura, saboda haka a riƙa dubawa. Wanda aka yi wa tiyata ko mai rauni a ƙafa, a sa shi a kan yadi mai tsabta, fari idan da hali, a canza kullum har ya warke. Akwai kuma batun zafi. Ɓeran Masar ba ya gumi, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan zafi ya doshi digiri 30 rayuwarsa tana cikin haɗari. A irin wannan yanayi bargo mai kauri da rufaffen maɓoya na yadi ƙarin wahala ne, sai a rage su, a ajiye masa fallen tayil mai santsi a inuwa ya riƙa kwanciya a kai idan ya so, a kuma gajarta kwanakin canji domin zafi yana gaggauta zarni.

Girman keji ma yana da hannu a ciki, domin shimfiɗa ɗaya ce za ta yi kwana biyu a ƙaramin keji ta yi mako guda a babba. Ɓeran Masar ba ya son zaman kaɗaici, har ƙasar Suwizalan ta kafa doka a 2008 da ta hana ajiye shi shi kaɗai, saboda haka lissafin na biyu ne, kuma biyu suna buƙatar fili kusan murabba'in mita guda. Da takarda ko dusa, a kwashe jiƙaƙƙun wurare kullum, musamman kusurwoyi da ƙarƙashin maɓoya da ƙarƙashin kwalbar ruwa, sannan a juye duka aƙalla sau ɗaya a mako. Idan an juye za a ga wani fari-fari ya daskare a daɓen, wannan sinadarin kalsiyam ne da ke fita a fitsarinsa, kuma ruwan khal da aka surka da ruwa yana narkar da shi, sai a ɗauraye a bari ya bushe kafin a zuba sabuwa. A wanke hannu bayan an gama, a kuma koya wa yara haka, domin makero yana iya tsallakawa daga ɓeran zuwa mutum.

Wannan sharar ta kullum ita ce kuma damar da mai ɓera yake da ita ta gane rashin lafiya da wuri, tunda dabbar ta ƙware wajen ɓoye ciwo, shi ya sa na fi son shimfiɗa mai hasken launi. Fitsarinsa a al'ada yakan yi gurɓi-gurɓi kamar an ɗiga madara, wannan ba komai ba ne, amma idan aka ga jini, ko aka ji yashi-yashi a busasshen wurin, ko yana kuka lokacin fitsari, ana zargin tsakuwar mafitsara. Idan kashi ya ragu ko ya ƙanƙance ko ya yanke, ko aka ga atishawa da majina da kwantsa sun ƙi tafiya bayan an canza shimfiɗa, to a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, kuma a tafi da ɗan samfurin shimfiɗar a leda domin likitan ya gani da idonsa.

Na gode da wannan fili da aka ba ni.

Naku,
Wani mai kiwon ɓeran Masar